Kayan Aro Ne ko Alkyabbar Naɗi? Martani ga Mai Cewa Kowa Tasa Ta Fisshe Shi

Maƙalar da Malam ya rubuta a fitowar da ta gabata ta zaga sosai. A majami'armu har hoton shafin aka ɗauka ana turawa a WhatsApp, kuma bayan sujadar Lahadi na tarar da samari uku a gindin darbejiya suna ta musu a kanta, sun manta da shinkafar da zumuntar mata ta dafa. Wannan kaɗai ya isa a gode masa, don rabon da in ga matasanmu suna gardama a kan Romawa sura 5 har na manta. Kullum ƙwallo ce ko siyasa. Zan riƙa ce masa Malam saboda ya girme ni a shekaru da karatu, ina kuma roƙon ya karɓi abin da zan faɗa a matsayin maganar ƙane.

Ga abin da na fahimta Malam yana cewa. Koyarwar nan da ta ce an lasafta mana zunubin Adamu, sannan an lasafta wa mai ba da gaskiya adalcin Almasihu, wai ba daga Bulus ta fito ba. Agustin ne ya ƙirƙiro ta bisa kuskuren fassara, Turawan mishan suka kwaso suka jibge mana. Rabinta na farko zalunci ne, tunda ba a kama ɗa da laifin uba. Rabinta na biyu yaudara ce, domin Allah ba ya kiran baƙi fari, kuma a nan ne Malam ya jefo karin maganar kayan aro da ba ya rufe katara. Ya rufe da cewa koyarwar ce ta cika ikilisiya da ɓarayi masu waƙar yabo, don haka a koma ga abin da hankali ya yarda da shi, kowa tasa ta fisshe shi.

Bari in fara biyan Malam haƙƙinsa. Gaskiya ne Agustin bai ƙware a Helenanci ba, shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya tsani darasin tun yana yaro. Gaskiya ne kuma fassarar Latin da ke hannunsa ta juya ƙarshen Romawa 5:12 ta yadda za a fahimci cewa a cikin Adamu ne kowa ya yi zunubi, alhali ƙananan kalmomi biyun da Bulus ya rubuta a wurin, yawancin masu fassara a yau sun ɗauke su da ma'anar "domin" ko "tunda". Duk wanda ya yi shekara biyu a makarantar tauhidi ya san haka. Sai dai Malam ya leƙa zaure ne ya ce ya ga gida. Bulus bai ƙarasa jimlarsa a aya ta 12 ba. Ya katse ta, ya yi ratse, sai a aya ta 18 ya dawo ya ɗinke. A cikin ratsen ne ya ɗora tambayar da maƙalar Malam ba ta taɓa ba ko da wasa: daga Adamu zuwa Musa babu rubutacciyar Shari'a, mutanen zamanin ba su karya wata doka da aka furta musu kamar yadda Adamu ya karya ba, amma mutuwa ta yi ta ɗibarsu. Me ya jawo? Daga nan kuma, tun daga aya ta 15 har ta 19, babu ayar da bai maimaita cewa laifin mutum ɗaya ne ya jawo wa masu yawa mutuwa da hukunci ba. Sau biyar a jere. Ko da za a ajiye aya ta 12 gefe guda, biyar ɗin nan suna nan daram, kuma babu kuskuren Latin a cikinsu.

Zancen cewa Agustin ne ya ƙirƙiro ta ma bai tsayu ba. Wajen shekara ta 253 wani bishof mai suna Fidus ya tambayi Sifiriyan na Kartaj ko a jira kwana takwas kafin a yi wa jariri baftisma. Sifiriyan, da yawun bishof-bishof 66, ya amsa cewa kada a jira, ya ƙara da cewa jaririn bai yi laifin kansa ba, abin da ake gafarta masa na wani ne, wanda ya kwaso daga Adamu ta wurin haihuwa. Ko mutum ya yarda da baftismar jarirai ko bai yarda ba (mu a ɗarikarmu ba ma yi), wasiƙar tana nan, kuma ta riga haihuwar Agustin a 354 da kusan shekara ɗari. Sai batun Turawa, wanda ya ba ni dariya. Kartaj tana gefen birnin Tunis na yau. An haifi Agustin a garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya yi bishof a Hifo, wato Annaba. In ana neman Bature a wannan rigima, to Felajiyus ne, mutumin Birtaniya. Daga wurinsa da almajirinsa Selestiyus aka ji cewa zunubin Adamu shi kaɗai ya cuta, mu kwaikwayonsa kawai muke yi, kuma mutum yana iya cika dokar Allah in ya ɗaura niyya. Majalisar Kartaj ta 418 ta ƙi wannan koyarwa. Ashe ra'ayin da Malam ke tallata mana a matsayin 'yantuwa daga Turawa, daga tsibirin su Gwamna Lugga ya taso, 'yan Afirka ne suka tare shi a hanya.

Hujjar Malam mafi nauyi ita ce Ezekiyel 18, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila suna ta ƙorafi cewa iyayensu ne suka tsotsi tsami, su ne haƙoransu suka mutu, sai Allah ya hana su wannan magana, ya ce kowa zai amsa nasa laifin, uba dabam ɗa dabam. Maimaitawar Shari'a 24:16 ma ta hana alƙali kashe ɗa saboda uba. Na yarda da duka biyun ɗari bisa ɗari. Abin da Malam bai gaya wa masu karatu ba shi ne, koyarwar da yake suka ita ma ta yarda da su. Masu riƙe da ita ba su taɓa cewa zunubin kowane uba yana sauka kan ɗansa ba. Ƙaramin katikizim na Westminista na 1647 ya ƙayyade cewa zunubin Adamu na farko ake nufi, shi kaɗai. Ban da waɗanda ya yi daga baya a tsawon ransa, ban da na Kayinu, ban da na kakana da na kakan Malam. Dalili kuwa, Bulus bai ɗauki Adamu a matsayin uba irin sauran iyaye ba. Ya kira shi kwatancin wanda zai zo, wato shugabanni biyu ne rak a tarihin ɗan Adam da abin da suka yi ya hau kan jama'arsu gaba ɗaya, Adamu da Almasihu. Babu na uku.

Na daɗe a kan wannan ne saboda abin da idona ya gani. Shekarun baya na raka wata inna tawa kwanan addu'a a wani gari da ba zan ambata ba. Wajen ƙarfe biyu na dare, janareto yana ta tari, mai wa'azin ya nuna wata mata da ke goye da yaro, ya ce ta fito. Jikar Maguzawa ce, kamar da yawa daga cikinmu Kiristocin Hausawa. Ya tambaye ta ko kakanta ya taɓa yanka a gindin tsamiya, ta ce ta ji an ce haka. Sai ya ce to shi ke bin 'ya'yanta, shi ya sa ba sa rabuwa da zazzaɓi, kuma sai an karya la'anar da kuɗin akuya da kwalbar man zaitun. Ina kallonta ta kwance bakin zanenta da haƙori, ta warware 'yan takardun kuɗi da suka sha gumi, ta ƙirga sau biyu, ba su kai ba, ta ce za ta ciko ranar kasuwa. Yaron da ke bayanta gidan sauro yake buƙata da maganin zazzaɓin cizon sauro. Malam ya zuba wannan sana'a da koyarwar Romawa 5 a buhu ɗaya, ya ce uwa ɗaya ta haife su. A'a, Malam. Koyarwar da ta ce shugabanni biyu ne kawai, ita ce ma ke rufe wa mai akuya shago. In matar nan tana cikin Almasihu, kakanta ba shi da shafi a littafinta, kuma da na samu zarafi a daren nan, da Romawa 5 ɗin da Ezekiyel 18 ɗin tare zan karanta mata.

Jarirai fa? A nan Agustin ya yi tsauri, ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma yana ƙarƙashin hukunci, ko da mafi sauƙin hukunci ne. Ban bi shi a nan ba, kuma ba ni kaɗai ba ne. Charles Hodge na Princeton a Amurka, wanda da wuya a samu wanda ya fi shi kare koyarwar lasaftawa a ƙarni na 19, ya koyar cewa duk wanda ya mutu yana jariri ya tsira, kuma daga wannan sura ta 5 ya ciro hujjarsa. In laifin Adamu ya iske jariri ba tare da ya ɗaga yatsa ba, ta yaya alherin Almasihu, wanda Bulus ya ce ya fi laifin yawa nesa ba kusa ba, zai gaza iske shi? Cocin Katolika ma ta fitar da takarda a 2007 da ke bayyana begen ceton irin waɗannan jarirai.

Ba zan ɓoye ba, akwai ƙashi a maganar. Ban zaɓi Adamu ya wakilce ni ba. A ɗaurin aure wakilin ango ne ke cewa ya karɓa, angon ma wani lokaci yana can bayan taro da abokansa, kuma aure ya ɗauru a kansa. Amma shi ango ya san wakilinsa, mu kuwa ba a tambaye mu ba. Su kansu malaman Furotesta sun yi ta kai-komo a kan yadda laifin ke iso mu. Zwingli na Zurik ya fi kallonsa a matsayin cuta da aka gada. Josué de la Place, malami a Saumur ta Faransa, ya ce ta hanyar gurɓatacciyar ɗabi'ar da muka gada ne laifin ke hawa kanmu, majalisar cocinsu da ta zauna a Charenton wajen 1645 ta ƙi abin da aka jingina masa. Da a nan Malam ya tsaya, yana tambayar ta wace ƙofa laifin ke shigowa, da ban ɗauki alƙalami ba, da na zo gida mun sha shayi mun tattauna. Amma cire koyarwar ba ya rage kabari ko ɗaya a maƙabarta, kuma ba ya bayyana dalilin da ya sa ba a taɓa koya wa yaro ƙarya ba amma ya iya, gaskiya ce ake shan wahalar koya masa.

Yanzu ga inda nake ganin maƙalar ta karye. Lasaftawa uku ce a wannan koyarwa, Malam ya ƙirga biyu. Akwai zunubin Adamu da aka lasafta mana, akwai adalcin Almasihu da aka lasafta mana, a tsakiyarsu kuma akwai zunubanmu da aka lasafta wa Almasihu. Malam ya yi jifa da ta farko da ta ƙarshe, ya yi shiru a kan ta tsakiya, har ma a sakin layinsa na ƙarshe ya ce yana nan kan bangaskiyarsa cewa Yesu ya mutu domin zunubanmu. To, ta yaya? In ƙa'idar ita ce babu mai ɗaukar kayan wani ta kowace fuska, Ishaya 53 ta faɗi, 2 Korantiyawa 5:21 ta faɗi, Jumma'a Mai Kyau ta zama ranar tunawa da wani bawan Allah da aka zalunta, shi ke nan. Maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe wannan ƙa'ida tun daga farko har ƙarshe. A wurinsu Annabi Adamu ya tuba an yafe masa, kowane yaro ana haifarsa a kan fiɗira, babu rai mai ɗaukar nauyin wani, saboda haka ba su ga buƙatar fansa a kan gicciye ba. Na saɓa da su a nan, amma maganarsu ba ta cin karo da kanta. Ta Malam ce ke ci. Yana so ya ajiye gicciye a bango, ya kuma tone harsashin bangon.

Kalmar lasaftawa ba ta malaman tauhidi ba ce tun asali, ta 'yan kasuwa ce. Wadda Bulus ya yi amfani da ita, logizomai, ta fito sau 11 a Romawa sura 4 kaɗai, inda yake bayanin yadda aka lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa a Farawa 15. Akwai 'yar'uwarta, ellogeo, wadda sau biyu tak ta fito a Sabon Alkawari, ɗaya a Romawa 5:13, ɗaya a wasiƙar Filimon, inda Bulus ya ce in bawan nan Unisimas ya ci wa Filimon wani abu, a rubuta a kansa shi Bulus, zai biya. Ni wannan ban koye shi a aji ba, a kanti na koye shi. Lokacin da nake makaranta akwai mai kanti a bakin titi da ke ba mu kaya bashi. Littafinsa irin na 'yan firamare ne, bangon ya sha man gyaɗa har ya zama kamar fata, biro ɗaure da zare a jikin ƙusa. Kowa da shafinsa. Nawa ya cika ya juya baya: sukari, garin kwaki, kananzir, sabulu, gwangwanin madara guda ɗaya da na saya ranar da na yi baƙo, wanda har yau nake jin haushinsa. Na kai ga sauya hanya don kada mu haɗa ido. Ranar da kawuna ya zo dubo ni ya ji labari, bai yi mini faɗa ba. Ya kama hannuna muka tafi kantin, ya ce wa mai kanti ya mayar da komai kansa. Mai kanti ya buɗe sabon shafi, ya rubuta sunan kawu a sama, ya kwafe kayan ɗaya bayan ɗaya har da madarar, sannan ya dawo shafina ya ja layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Bayan kaka kawu ya sayar da buhun gyaɗa ya biya.

Ina tambayar Malam, wace ƙarya mai kanti ya yi da ya ce ba ya bina ko kwabo? Bai ce ban sha madarar ba. Bai kuma yafe ba, don an biya shi cif. Bashin ya tashi ne daga wani shafi ya koma wani, kuma gyaɗar da aka sayar ta gaske ce. Mu da muka saba ji a wurin jana'iza ana shelar cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya ga wane, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an bayar tun ƙarni na 16. Fausto Sozzini, ɗan Italiya, ya ce bashin kuɗi yana canja hannu amma laifi ba ya canjawa, babu alƙalin kirki da zai rataye ƙanen mai kisa ya saki mai kisan. Karin Magana 17:15 ma ta ce wanke mai laifi abin ƙyama ne ga Allah. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma misalin kantina bai isa ya amsa ta shi kaɗai ba. Amsar Kirista ita ce ba wani bare aka kamo a titi aka ɗora wa laifin ba. Wanda aka yi wa laifin, da alƙalin, da mai biyan, a bangaskiyarmu ɗaya ne, Allah cikin Almasihu, kuma da yardarsa ya ɗauka. Sannan mai ba da gaskiya da Almasihu ba mutum biyu ba ne da ke zaune nesa da juna ana tura takarda tsakaninsu. Martin Luta, a ɗan littafinsa na 1520 kan 'yancin Kirista, da aure ya kwatanta abin: attajirin ango ya auri matalauciya mai bashi, bashinta ya zama nasa, dukiyarsa ta zama tata, saboda sun zama ɗaya. Jon Kalbin ma ya nace cewa ana lasafta mana adalcin Almasihu ne domin an dasa mu a jikinsa. Wanda bai yarda da wanene Almasihu ba yana da damar ƙin wannan amsa. Malam kuwa ya ce ya yarda.

Sai karin maganar kayan aro. Ta yi daɗi a kunne, har samarin gindin darbejiya ita suke ta maimaitawa. Amma aro ana mayarwa, kuma mai aro yana tafiya ne a ɗarare kada mai kaya ya gan shi a taro. Abin da Littafi ya zana dabam ne. A Zakariya sura 3 babban firist Yoshuwa yana tsaye da ƙazaman tufafi, Shaiɗan yana gefe yana ƙararsa, sai aka ba da umarni a tuɓe masa su, a sa masa na ado, a naɗa masa rawani mai tsabta. Duk wanda ya taɓa halartar naɗin sarauta a fada ya san wannan hoto. Mutum ya shigo da safe da rigarsa ta kullum, ya durƙusa, a yafa masa alkyabba, a naɗa masa rawani, sarki ya furta sarautar, a busa algaita. Daga wannan lokaci shi hakimi ne, alhali bai yi sulhu ko ɗaya ba, bai zaga ƙauye ko ɗaya ba, halinsa na jiya ma yana nan bai gama sauyawa ba. Wa zai ce sarki ya yi ƙarya? Maganar sarki ce ta mai da shi abin da aka kira shi. Ba kuma don ado na kawo misalin ba. Kalmar da Bulus ya sa a Romawa 5:19, inda ya ce an mai da masu yawa masu zunubi ta wurin ɗaya, za a kuma mai da masu yawa masu adalci ta wurin ɗaya, ita ce kathistemi, kuma ita ce a Titus 1:5 wajen naɗa dattawan ikilisiya. Tana iya ɗaukar ma'anar mayar da abu wani abu, ban musa ba, amma ƙamshin naɗi yana jikinta. Sabon hakimi zai shekara yana koyon zaman rawani, zai yi tuntuɓe, za a yi masa gyara. Wannan koyon shi muke kira tsarkakewa, kuma bayan naɗi yake zuwa.

Don kada a ce na ɓoye, ba duk Kiristoci ne ke faɗin abin yadda na faɗa ba. Majalisar Tirento ta Katolika, a 1547, ta ce Allah yana zuba adalci a cikin mutum ne ya sabunta shi, ta ƙi a ce lasaftawa kaɗai ce. Cocin Otodoks na Gabas suna cewa mutuwa da ruɓa muka gada daga Adamu, ba laifinsa ba. A zamaninmu N. T. Wright na Ingila ya yi jayayya cewa adalcin alƙali ba kaya ba ne da ake miƙa wa wanda ake tuhuma, John Piper na Amurka ya ba shi amsa da littafi guda a 2007, shi ma ya rama a 2009. Katolika da Lutaran kuwa sun sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa a Augsburg ranar 31 ga Oktoba 1999, suka amince cewa ta alheri ne kaɗai ake karɓarmu. Duk waɗannan suna da saɓani na gaske a tsakaninsu, amma a nemo mini ɗaya a cikinsu da ya ce kowa tasa ta fisshe shi. Babu. Malam ya ambaci sunayen wasu daga cikinsu kamar suna bayansa, alhali da za su juyo, shi za su fara yi wa martani kafin ni.

Saura ɓarayi masu waƙar yabo. Suna nan, ban musa ba. Na zauna a kwamitin gini inda kuɗin kwanon rufi suka yi ɓatan dabo, damina biyu muna sujada muna matsar da benci saboda yoyo. Zargin cewa alheri yana buɗe wa zunubi ƙofa kuwa tsohon zargi ne, Bulus da kansa ya kawo shi a farkon sura ta 6 ya yi fatali da shi, wanda ke nuna cewa abin da ya koyar a sura ta 5 ya isa ya sa a yi masa wannan zargi. Koyarwar Malam babu mai yi mata shi. Dietrich Bonhoeffer, faston Lutaran da 'yan Nazi suka rataye a Afrilun 1945, ya yi wa alheri mai araha kaca-kaca a littafinsa na 1937, amma bai ce a yar da koyarwar Luta ba, ya ce an raba ta ne da bin Almasihu. Kalbin ya kwatanta baratarwa (wato lasafta wa mai ba da gaskiya adalcin Almasihu) da tsarkakewa da hasken rana da zafinta, ana bambanta su amma ba a samun ɗaya babu ɗaya.

Ga kuma abin da na lura da shi a 'yan shekarun da na yi ina hidima. Masu cin kuɗin jama'a da na sani, ban taɓa jin ɗayansu ya ce ya dogara ga adalcin Almasihu ba. Lissafin kansu suke yi. Ya ci miliyan goma a ofis, ya kawo buhun siminti ɗari ranar ƙaddamar da gini, a kira sunansa a lasifika, a tafa, a ba shi kujerar gaba, ya koma gida yana ganin shafinsa ya daidaita. Wannan ai ita ce kowa tasa ta fisshe shi, an sa mata babbar riga. Wanda ya san cewa simintinsa ba ya goge ko layi ɗaya a littafin Allah, kuma gyaɗar wani aka sayar aka fanshe shi, shi ne ke jin kunyar komawa kanti ya buɗe sabon shafi. Ni dai tun ranar da kawu ya biya, ban sake cin bashin madara ba.

Malam, na san kana ziyarar marasa lafiya, kuma na ji ana yabonka a kan haka. Akwai dattijon da za ka tarar a gadon asibiti, ya san abin da ya aikata, ya san babu sauran lokacin gyarawa, ya riƙe hannunka yana tambaya ko akwai bege. Ina roƙonka, a fitowa ta gaba, ka rubuta mana abin da kake gaya masa a wannan lokaci, kalma bayan kalma. Ka haɗa da bayanin Romawa 5 daga aya ta 13 zuwa ta 19, waɗanda maƙalarka ta tsallake. Samarin gindin darbejiya sun ce in gaya maka suna jira, ni ma ina jira.